Inshorar motata ta tashi daga dubu 150 zuwa dubu 600, ina ake samun mai sauƙi?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Camry ɗina na saye ta a 2021 kan miliyan 5, kuma tun ranar nake yi mata cikakkiyar inshora, irin wadda ko ni ne da laifi za a gyara min. Shekarar farko dubu 150 na biya. A 2023 suka ce dubu 250, na cije na biya. Jiya takardar sabuntawa ta iso, dubu 600. Na kira su, yaron da ya ɗauka ya ce wai motar yanzu miliyan 12 take yi a kasuwa. Shekara huɗu ko ƙwarzane ban taɓa kai musu ba. Ga ta gida da nake biya saboda gobara, ita ma sun ce sai an ƙara. Ga kuɗin makarantar yara wata mai kamawa. Don Allah wa ya san kamfanin da ya fi sauƙi?

Baffa Direba:
Wa alaikumus salam. Alhaji dubu 600 kan takarda? Ni akwai yaron da yake haɗa min takardun mota gaba ɗaya a bakin ofishin lasisi, inshora dubu 5 yake sa min har yau. Shekara nawa ina bin hanyar Kano zuwa Kaduna ba wanda ya taɓa ce min kanzil. In kana so in turo maka lambarsa.

Usman Kwari:
Gaskiyar Baffa. Duk ɗaya ne, ko ka biya dubu 5 ko miliyan, ranar da abu ya faru ba za su ba ka komai ba. Gara ka biya kaɗan ka san kaɗan ka yi asara.

Hajiya Rabi:
Baffa, don girman Allah kada ka tura masa lambar nan tukuna. Ka san aikina ke nan, shekara goma sha ina dillancin inshora, bari in faɗa muku yadda abin yake.

Inshorar dole, wadda take biyan wanda ka buge, ba a yin cinikinta. NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ita ce ta yanke kuɗinta. Tun daga 1 ga Janairun 2023 motar gida dubu 15 ce, daga dubu 5 da aka daɗe ana biya. Babur dubu 3, adaidaita sahu dubu 5, manyan motocin dakon kaya dubu 100. Kamfanin da za ka shiga a Legas da wanda za ka shiga a Kano duk kuɗin ɗaya ne. To in wani ya ba ka ta motar gida a dubu 5 a yau, tambayi kanka: wa ya cika masa dubu 10? Babu. Takarda ya buga maka a kwamfuta, ya sa tambarin kamfani, ya sa kuɗin a aljihu.

Ba sai ka yarda da ni ba. Danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar motar. Rumbun bayanan NIID ne, na ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa. In takardarka ta gaskiya ce za ka ga sunan kamfani da ranar da za ta ƙare.

Baffa Direba:
To Hajiya, bari in tsaya in sha mai sai in gwada.

Injiniya Bashir:
Ƙari kan maganar Hajiya, mutane suna kallon ƙarin kuɗin ne kawai, ba sa kallon abin da aka ƙara musu. A da in ka lalata wa wani dukiya iyakar abin da kamfani zai biya miliyan 1 ne. Yanzu miliyan 3. Kuma an haɗa da katin inshorar ƙasashen ECOWAS mai ruwan ƙasa a ciki, wanda in za ka tsallaka Kwatano da mota a da sai ka saya daban. Ni ina ganin dubu 15 a shekara ba ita ce matsala ba, ko rabin tanki ba ta cikawa yanzu. Matsalar Abban Sadiq daban ce.

Abban Sadiq:
Haka ne Injiniya. Tawa babbar ce. Hajiya, ita ma ba a ciniki?

Hajiya Rabi:
Ana yi, amma akwai ƙasan da ba a wucewa. A takardar da ta ƙara kuɗin ƙaramar, NAICOM ta ce cikakkiyar inshora kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, bayan an cire duk wani rangwame. Lissafa ka gani. A 2021 kashi 3 suka yi maka kan miliyan 5, dubu 150 ke nan. A 2023 kashi 5 kan miliyan 5, dubu 250. Yanzu kashi 5 kan miliyan 12, dubu 600. Wato ƙari biyu ne suka hau kanka, na farko daga hukuma, na biyu daga kasuwar mota bayan an saki naira a tsakiyar 2023. Kamfaninka a kan ƙasan farashin ma yake, bai ɗora maka komai ba.

Saboda haka in ka zaga kamfani biyar, abin da za ka ji kusan ɗaya ne. Inda suke bambanta shi ne abin da ke cikin takardar, da kuma halinsu ranar biya.

Usman Kwari:
To ai da sauƙi. Alhaji ka ce musu motarka miliyan 6 take yi, ka biya dubu 300. Su suka saya maka?

Hajiya Rabi:
Malam Usman, wannan ce shawarar da ta fi jefa mutane cikin kuka a ofishinmu. Akwai sharaɗi a kusan kowace takarda: in ka rage darajar abu, su ma za su rage diyya daidai gwargwado. Mota tana miliyan 12 ka rubuta 6, rabi ka yi wa inshora, rabin kuma kai ne kamfanin kanka. Ranar da aka buge ta gyara ya kama miliyan 2, miliyan 1 za su ba ka, kuma sai sun cire kason da aka yi yarjejeniya kai za ka ɗauka. In aka sace ta, miliyan 6 ce iyaka, ka je kasuwa ka ga abin da za ta saya maka. Daga nan mutum ya fito yana cewa 'yan inshora macuta ne, alhali shi ya rubuta adadin da hannunsa.

Usman Kwari:
Hajiya ni ba labari aka ba ni ba. Lokacin da wuta ta ci mana shaguna, maƙwabcina yana da inshora, ya fi shekara yana zarya. Yau a kawo rasit, gobe a kawo rahoton 'yan kwana-kwana, jibi a kawo littafin shigar kaya. Wane ɗan kasuwa ne a Kwari yake ajiye rasit na kowace dila? Abin da suka ba shi a ƙarshe bai kai kashi ɗaya cikin uku na kayansa ba. Mutumin nan har hawan jini ya kama shi. Kina kare su ne saboda a nan kike ci.

Hajiya Rabi:
A nan nake ci, ban musa ba, kuma ban ce duk na kirki ne ba. Akwai masu jan ƙafa da gangan har mutum ya gaji ya haƙura, na gani da idona, kuma akwai kamfanonin da na daina kai musu mutane saboda haka. Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Amma abin da ya same shi shi ne dalilin da nake cewa a tambayi sharuɗɗan kafin a biya, ba bayan wuta ta tashi ba. Kuma wanda aka danne wa haƙƙi yana iya kai ƙara sashen ƙorafi na NAICOM, kyauta ne. Da yawa ba su san da shi ba.

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum. Ban so shiga ba, amma akwai abin da aka tsallake. Kafin a yi maganar arha a yi maganar halacci. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke tun 1985 cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba tana da garari, wato rashin tabbas, mai yawa, ba ta halatta, ta kuma nuna a koma ga ta taimakekeniya. Ita ce takaful. Ba sabon abu ba ne, Sudan ta fara tun 1979. A nan gida NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A da mutum yana da uzurin cewa hukuma ta tilasta kuma babu wata hanya. Yanzu hanya ta samu.

Abban Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, wallahi abin yana raina. Bambancin a aikace mene ne? Kada ya zama suna kawai aka canza.

Malam Nasiru:
A takaful kuɗin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun mahalarta, ba mallakar kamfani ba. Kamfani wakili ne, yana ɗaukar ladan aikinsa da aka bayyana tun farko. Daga asusun ake biyan wanda tsautsayi ya faɗa wa, kuma ba a juya kuɗin a harkar riba ko haram. In shekara ta ƙare aka samu rara, ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Kai da ka yi shekara huɗu ba ka nemi komai ba, ka ga wannan ya shafe ka.

Hajiya Rabi:
Malam ya yi bayani daidai, ina kai mutane takaful sosai. Abu ɗaya zan ƙara don kada Abban Sadiq ya je da dogon buri: rarar ba alkawari ba ce, sai an samu. Kuma dubu 15 ɗin nan ta dole ko a can haka take. Ka je don kwanciyar zuciya, in rara ta zo alhamdulillahi. Sannan tambayoyin da za ka yi wa kowane kamfani su ma ka yi musu, kada ka ji kalmar Musulunci ka sa hannu ba ka karanta ba.

Malam Nasiru:
Wannan gaskiya ne Hajiya. Addini ma cewa ya yi a rubuta, a kuma san abin da aka rubuta.

Baffa Direba:
Jama'a na danna. Babu motata a ciki. Na sake dannawa sau uku, na sa lambar da harafi babba da ƙarami, babu. Na kira yaron ya ce wai netwok ne, in jira sati biyu. Takardar nan tun watan azumi take hannuna.

Injiniya Bashir:
Innalillahi. Baffa ba netwok ba ne.

Baffa Direba:
Ni abin da ya tayar min da hankali ba 'yan sanda ba ne. Fasinja nake ɗauka. Da na bugi ɗan wani a hanya fa? Da gidan da nake ciki zan sayar.

Hajiya Rabi:
Shi ne abin, Baffa. Kuma 'yan sandan ma an ba su umarnin kama marasa inshorar dole a duk ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. Gobe da safe ka shiga ofishin kamfani da ƙafarka, ko ka saya a shafinsu na intanet, ka biya ta banki da sunan kamfanin, ba asusun wani mutum ba. Ka gaya musu gaskiya cewa haya kake yi, kada a rubuta maka ta motar gida don ta fi arha, ranar biya za su ce ba abin da aka yi yarjejeniya ba ke nan. Ka kuma tambaye su a fili abin da takardar ta tanada wa fasinjan da ke cikin motarka. Bayan ka biya ka sake danna lambar nan har sai ka ga motarka.

Dr. Aminu Manchester:
Ina bin ku daga nan. Mu ma a 2023 kuɗin inshorar mota ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, saboda tsadar kayan gyara. Bambancin shi ne a Ingila ba a yanke farashi ba, kowane kamfani da nasa, sai ka shiga shafukan intanet irin su Compare the Market ko Confused ka ga kamfani da yawa a jere. Tun Janairun 2022 an hana su cajin tsohon kwastoma fiye da sabo, amma duk da haka ba na barin tawa ta sabunta kanta, duk shekara sai na duba, in na samu mai sauƙi in kira nawa in gaya musu. Sau biyu suna rage min. Yaya, ko da a gida akwai ƙasan farashi, ka nuna musu kana da inda za ka. Wanda ya san za ka iya tafiya ba ya yi maka irin maganar da yake yi wa wanda ya san ba ya motsi.

Garba Fanel-bita:
Ni ba ilimin takarda gare ni ba amma motocin inshora suna zuwa garejina. Alhaji ka tambaye su abu uku. In an buge ka, garejinsu dole ko kana iya kai wa naka? Fitila da bamba sabo za su sa ko na Kwatano, ko kuɗi za su ba ka bayan sun rage wai don motar ta tsufa? Gilashin gaba yana ciki ko sai an ƙara kuɗi? Fitilar Camry ɗaya yanzu in ka ji kuɗinta sai ka zauna. Akwai kamfanin da mai duba ɓarnarsu yake zuwa cikin kwana biyu, akwai wanda mota za ta yi wata a wurina tana shan ƙura ba a zo ba. Mu muka san na kirki, ku riƙa tambayarmu.

Abban Sadiq:
Garba wannan shawara ta fi dubu ɗari. Zan kira ka anjima ka faɗa min sunayen a kunne.

Maman Falmata:
Ku yi haƙuri in dawo da ku maganar gida, don naga an bar ta a baya. Ni a Maiduguri nake. Daren 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, da kayan jikinmu muka fita. Maigidana yana da inshorar gida ta wajen aikinsu, muna ganin an rufa mana asiri. Da ruwa ya janye aka duba takarda, gobara ce kawai a ciki. Babu ambaliya. An ce da an ƙara wani abu kaɗan a kan kuɗin da an haɗa da ruwa da iska. Ba wanda ya taɓa gaya mana, mu ma ba mu tambaya ba, wa yake tunanin ruwa zai kai har saman taga? Har yau ba mu gama mayar da abin da muka rasa ba. Abban Sadiq, in za ka rage wani abu don sauƙi, kada ka rage wannan.

Abban Sadiq:
Allahu akbar. Allah ya mayar muku da mafi alheri, Maman Falmata. Yanzu na ɗauko tawa ina dubawa, ban ma san me ke ciki ba.

Hajiya Rabi:
Amin. Allah ya ƙara haƙuri 'yar'uwa. Abban Sadiq, nemi inda aka rubuta gobara da sauran haɗurra na musamman, a nan ambaliya da guguwa suke shiga. In gobara kaɗai ka gani, ka ce a ƙara.

Ga kuma inda za ka iya samun sauƙi na halal a ta gida. Mutane suna rubuta kuɗin da za a sayi gidan, har da fili. Fili ba ya ƙonewa. Abin da ake yi wa inshora shi ne kuɗin sake ginin. A unguwa mai tsada fili kan kai rabin kuɗin gida, ka ga kana biyan kuɗi a kan abin da ba za a taɓa biyanka ba. Amma ta ɗaya gefen, buhun siminti da ake saya ƙasa da dubu 5 a farkon 2023 ya haura dubu 10 a farkon 2024, ga rodi ga kwano. In adadin da ke takardarka na 2021 ne, ba zai kai ginin ko linta ba, kuma sharaɗin ragin nan da na faɗa a mota yana nan a gida. Ka sa Injiniya ya yi maka kiyasin gini na yau.

Masu haya kuma, inshorar mai gida ba ta shafi kayanku ba. Gininsa ya kare. Gado da firji da kayan ɗaki sai kun yi naku.

Injiniya Bashir:
Zan zo ranar Asabar in auna, ba sai ka biya ba. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki da kayan ciki ka tura wa kanka a imel, saboda irin abin da Usman ya faɗa na rasit.

Usman Kwari:
Ni dai har yanzu ban gamsu ba. Dubu 600 in ka ajiye duk shekara, cikin shekara huɗu ka tara miliyan biyu da ɗori, ka gyara motarka da kanka ba ka roƙi kowa ba.

Injiniya Bashir:
In tsautsayin ya jira ka shekara huɗu. Kuma in gyara ne. In sata ce fa?

Usman Kwari:
Sai in sa tiraka, na'urar bin sawun mota.

Hajiya Rabi:
Maganar Usman ba ta faɗi ƙasa ba duka. Ba kowace mota ce ta cancanci cikakkiya ba. In tsohuwa ce wadda in ta lalace za ka iya ɗauka, yi ta dole ka ajiye sauran. Akwai kuma tsaka-tsaki: ta dole haɗe da gobara da sata, ba ta biyan gyaran karo amma in motar ta tafi gaba ɗaya za a biya. Wasu kamfanonin suna da wadda suke ƙara wani adadi ƙayyadadde na gyaran motarka a kan ta dole. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce: in na wayi gari babu motar nan, zan iya sayen wata? Abban Sadiq kai ka san amsarka.

Abu na ƙarshe, in za ku raba biya kashi-kashi ku tabbatar an rubuta. Ƙa'idar ita ce in ba a biya ba babu kariya, ko da takarda tana hannunka.

Abban Sadiq:
Ba zan iya sayen wata ba Hajiya, gaskiya ke nan.

Abban Sadiq:
Jama'a na dawo da bayani, kwana tara ke nan. Na zaga wuri huɗu, biyu na takaful. Kamar yadda Hajiya ta faɗa, duk kashi 5 suka ce. Amma na kai motar wurin dillalai biyu suka yi mata kuɗi, dukansu ba su wuce miliyan 10 ba saboda tafiyar da ta yi da fentin da aka taɓa yi mata. Na kai wannan a rubuce, aka turo mai dubawa ya amince. Dubu 500 ke nan maimakon 600. Na koma ɗaya daga cikin na takaful ɗin, wanda Garba ya ce mai duba ɓarnarsu ba ya ɓata lokaci, sun yarda in kai garejin da nake so, gilashi yana ciki. Ta gidan ma na mayar can. Injiniya ya auna, mun cire fili, kuɗin ginin ya hau, na sa ambaliya da iska, abin da zan biya ya ɗan fi na bara kaɗan. Maman Falmata, tawa ma gobara ce kawai a ciki, shekara huɗu ban sani ba.

Maman Falmata:
Alhamdulillahi da ka duba. Allah ya sa kada ka taɓa buƙatarta.

Baffa Direba:
Ni ma na yi tawa ranar Litinin, na danna na ga sunan kamfani da lambar motata. Na tara direbobin layinmu su goma sha ɗaya a tasha muka danna ɗaya bayan ɗaya, uku ne kawai suka fito. Hajiya, shugabanmu ya ce in tambaye ki ko za ki iya zuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ki yi musu bayani, za mu aiko a ɗauke ki.

Hajiya Rabi:
Zan zo in sha Allah, Baffa. Kowa ya taho da takardunsa da wayarsa.